Motar Ɗauko Mai Jego

Ni mutumin Tsibiri ne, ta ƙasar Maradun. Noma na tarar ana yi a gidanmu, shi kaɗai na iya. Da aka tare gulbi a Bakolori, ruwa ya riƙa hawowa sannu a hankali har ya shanye fadamar da muke dasa dankali da albasa, sai na bi sahun masu gangarowa Talata Mafara neman aiki wurin kamfanin da ke haƙa hanyoyin ruwa. Ban iya tuƙi ba, ban iya walda ba, ban iya gini ba. Mai ɗaukar ma'aikata ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini bokiti biyu da soso, ya nuna mini wata rumfar kwano a ƙarshen gareji.

A rumfar nan na sami mutumin da ya koya mini sana'a. Dattijo ne gajere, baƙi wuluk, da furfura a gefen kunnuwansa, Kirista daga duwatsun ƙasar Jos. Shi ke kula da fentin ƙananan motocin da Turawa da manyan ma'aikata ke hawa. Kowa Oga yake ce masa, ni dai bakina ya fi sabawa da Baba. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Na Tsibiri. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, komai "shi" ne a wurinsa, kuma kullum cikin yi wa tawa dariya yake. In na ce zan tahi, sai ya ce, "Tahi lahiya," ya kama ciki.

Na zaci wankin mota wanki ne kawai, kamar na jaki a bakin gulbi. Ranar farko na tsoma soso cikin ruwan sabulu, na dirji ƙofa, na sake mayar da shi cikin bokitin. Baba ya riƙe mini hannu.

"Bokiti nawa aka ba ka?"

"Biyu, Baba."

"To me ya sa aka ba ka biyu? Ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Yashin da ka kwaso a jikin mota, in ka mayar da shi cikin sabulu, shi za ka sake ɗaukowa ka karce fenti da shi. Daga sama kake farawa, ka sauko ƙasa. Taya shi ne na ƙarshe, kuma sosonsa dabam. Kada in ƙara ganin ka wanke mota cikin rana."

Haka na yi wata da watanni ina wanki, ina tsane ruwa da wata fata mai laushi da ake jiƙawa a matse. Injin gogewa kuwa yana rataye a bango, ba mai taɓa shi sai Baba. Abu ne mai nauyi kamar ɗan akuya, da mariƙi biyu, a bakinsa akwai faifai mai juyawa da ake sa wa hular gashin tunkiya. In ya kunna shi, sai in tsaya da soso a hannu ina kallo. Yakan bi jikin mota da shi a hankali, kamar mai lallashin doki, inda duk ya wuce sai wurin ya buɗe ido.

A wannan shekarar maiɗakina tana da cikin fari. 'Yar Bakura ce, da cikin ya kai wata bakwai iyayenta suka aiko aka tafi da ita goyon ciki. Ɗakin da muke haya a Mafara ya zama fayau, tukunyarta a kife, tabarmarta a naɗe. Bazara ta shigo da zafinta. Wata safiya wani direban tifa da ke kai tsakuwa wajen Bakura ya leƙo rumfarmu ya ce, "Albishirinka. An sauka lahiya, an samu ɗiya mace."

Na je suna, amma zuwan uban ɗan fari ba zuwa ba ne. Tun da asuba na ɓuya gidan wani abokina a bayan kasuwa, ana can ana raba goro, ni ina nan ina jin guɗa daga nesa. Da yamma na je na durƙusa a zaure na gai da surukina, kaina a ƙasa, na juyo. Ban ga uwar ba, ban ga ɗiyar ba.

Da na dawo aiki Baba ya tare ni da murna.

"Yaya yarinya? Da wa ya yi kama?"

"Ban gan ta ba, Baba."

"Ba ka gani ba? Ɗanka na cikinka?"

Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari iya yadda zan iya. Ya saurara, yana kaɗa kai, ya ce shekararsa goma sha a ƙasar Hausa amma har yanzu bai gama sanin mu ba. Sannan ya tambaye ni yaushe za su dawo. Na ce in an gama wanka, an yi arba'in.

"Da wane mota za ka kawo su?"

"A-kori-kura ta ranar kasuwa."

"Da awaki da buhunan gero?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce in biyo shi. A bayan gareji, ƙarƙashin wani dogon yaro, akwai wata ƙaramar mota da na daɗe ina gani ban taɓa kula da ita ba. Launinta launin toka, kashin tsuntsaye ya yi mata zane, rufinta ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Baba ya ce tasa ce, wurin wani Bature da ya koma ƙasarsu ya saye ta, yana so ranar da ya bar aiki ya shiga garinsu da ita.

"Injinsa lafiya lau. Fata ne ya mutu, ni kuma ba ni da lokaci. In ka tashe shi kafin arba'in, ni da kaina zan tuƙa mu je mu ɗauko su."

"Da soso zan tashe ta, Baba?"

Ya yi dariya, ya nuna bangon da injin ke rataye.

Amma bai bar ni na kusanci motar da inji ba sai da na yi kwana goma a kan wata tsohuwar ƙofa da aka cire daga motar da ta yi haɗari. Ya ɗora ta bisa ganguna biyu. Ana tashi daga aiki da la'asar, janareta kuma ba a kashe shi sai gab da magariba, wannan tsakanin shi ne makarantata.

Karon farko na lafta man gurza, wato man da ake goge fenti da shi, a kan hular kamar mai shafa wa jariri man shanu, na ɗaga injin sama, na danna. Man nan ya watsu ko'ina, fuskata, kwanon rumfa, da farar rigar Baba da matarsa ta goge masa da safe. Ya tsaya yana duban rigar, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

"To, ka goge ni," in ji shi. "Saura ƙofa."

Ya nuna mini. Man kamar ƙwayar gyaɗa huɗu ya isa. Ka ɗora faifan a kan ƙarfe, ka shafa man da shi tun injin yana kashe, sannan ka kunna a gudu mafi ƙanƙanta. Wayar wuta ka saɓa ta a kafaɗa kada ta ja jikin mota. Faifan ya kwanta sosai, kada ka karkata shi a gefe. Kada ka danna, nauyinsa ya ishe shi. Ka ɗauki wuri kaɗan, kamar faɗin faifan rufe ƙwarya biyu, ka bi shi dama zuwa hagu, ka sake binsa sama zuwa ƙasa, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Da na ji haka na ce ai wannan huɗa ce. Ya ce in kira shi duk abin da na ga dama, in dai ba zan tsaya wuri ɗaya ba.

"Inji yana kawo zafi. Fenti kuma siriri ne, bai kai bawon albasa ba. Kana yi kana taɓawa da bayan hannu. In ya fi ƙarfin hannunka, ya fi ƙarfin fenti."

Na ƙona ƙofar nan wuri bakwai. Duk a gefe ne, ko inda ƙarfe ya yi ƙugu, don nan fenti ya fi ƙaranci. Sai ka ga kore ko ja ya ɓace, wani fari-fari ya leƙo daga ƙasa, kuma ba ya komawa. Da dare kafaɗuna su yi tsami, yatsuna su yi ta rawa su kaɗai kamar injin yana hannuna. A kwana na goma Baba ya shafa ƙofar da tafinsa, ya karkata kai ya dube ta ta gefe, ya ce, "Gobe mu turo mota."

Kwana biyu na yi ina wanke ta kawai. Kwaltar da ta manne a ƙasan ƙofofi na jiƙa ta da kananzir har ta saki. Inda ƙaya ta karce ta da zurfi, Baba ya ba ni samfefa mai laushin gaske da ta kwana cikin ruwa, na bi a hankali ina zuba ruwa. Muka liƙe robobin gilashi da gefunan ƙofa da tef. Sannan na ɗora faifai a tsakiyar bonet, na yi bisimilla.

Ba zan manta da wannan la'asar ba. Na bi wurin sau uku, na kashe injin, na share da tsumma mai taushi. A tsakiyar tokar nan sai ga wata 'yar taga ta buɗe. Ashe motar koriya ce, kore mai duhu irin na ganyen mangwaro da ruwa ya wanke. Na sunkuya na leƙa, na ga kwanon rumfa a ciki, da wata huda da rana ke shigowa ta cikinta, da wani mutum mai gumi yana leƙo ni. Na daɗe a tsaye. Baba yana can yana tsefe wata hular inji da tsinke, amma na ga murmushi a gefen bakinsa.

Daga ranar kwanaki suka zama iri ɗaya, kuma ban taɓa jin daɗin kwanaki kamar su ba. Injin yana da wani gunji mara tashi mara sauka, kamar amya cike da ƙudan zuma. In ya daɗe a kunnenka sai hayaniyar gareji ta ja da baya, bugun guduma da ihun direbobi su zama kamar daga wani gari. Zafin bazara ya sauko daga kwano, ƙanshin man gurza ya cika rumfa, koren nan yana ta faɗaɗa a ƙarƙashin hannuna, yau rabin bonet, gobe ƙofa guda. Ni kuwa zuciyata tana Bakura. Ina ta ƙera wa ɗiyar nan fuska. Wani lokaci in ba ta hancin uwarta, wani lokaci in ba ta goshin mahaifiyata. In ga ta yi wayo tana tafiya a kan kunyar gona, in ga an yi mata kitso, har in ji muryarta, alhali ko kukanta ban taɓa ji ba.

A cikin irin wannan tafiyar ne na yi ɓarna. Ina kan madigadin baya, daidai inda ƙarfen ya lanƙwasa, ban san na tsaya ba sai da na ji ƙauri. Na ɗaga injin. Ga tabo fari kamar farcen babban yatsa. Na kashe injin na tsaya, na kasa kiran Baba, shirun ne ya kira shi.

Ya zo ya duba, ya taɓa da yatsa.

"Ina ka tafi?"

"Bakura, Baba."

"To, sannu da hanya. In za ka sake tafiya, ka kashe inji tukuna."

Iyakar faɗan ke nan. Ya haɗa ɗan fenti a marfin kwalba, ya ɗiga a wurin da gashin kaza. Tabon ya rufu, amma wanda ya san wurin zai gane shi. Ni kam ko da ido rufe zan kai yatsa a kai.

Da na gama zagaye motar duka na ɗauka aiki ya ƙare. A cikin inuwa ba ta da makusa. Baba ya ce mu tura ta rana. Muna fitar da ita sai na ga duk jikinta ya cika da wasu zare-zare masu kewaya, kamar saƙar gizo-gizo, suna bin ka duk inda ka juya. Na ce na lalata ta. Ya ce a'a, sawun man gurza ne, kowa yana barinsa, wanda ya iya aiki shi ne mai komawa ya share sawunsa. Ya ba ni sabuwar hula da wani man mai laushi kamar madara, na sake bin motar tun daga farko, wannan karon da hannu sakwa-sakwa. Bayan nan sai kaki, mai kama da na zuma, shi kuma ba a sa masa inji. Da hannu ake shafa shi siriri, a bar shi ya yi hazo, a goge da tsumma.

Cikin motar ma ya ci kwana uku. Muka kwance kujeru muka fitar, na kakkaɓe su, na wanke da buroshi da kumfa kaɗan don kada ruwa ya shige cikin soso ya yi wari. Lungunan da yatsa ba ya shiga na naɗa ƙyalle a tsinke na bi su. A ƙarƙashin kujerar baya na tsinci wani kati mai hoto, na wani gari da ruwa ke bin titunansa, gidaje dogaye tsaye cikin ruwa, mutane suna wucewa ta ƙofar juna cikin kwalekwale. Na zauna a ƙasa ina kallonsa har aka kira salla. Na yi ta tunanin ko fadamarmu ma haka take a can ƙasan tafki, tsamiyar bakin gona tana tsaye, kifaye suna ratsa rassanta. Baba ya ce in riƙe katin in ina so.

Matar Baba, wadda nake ce wa Mama, tela ce a cikin gari. Da ta ji labarin abin da muke shiryawa sai ta ɗinka wa kujerun riguna da farin yadi, ta kuma ce ba za a yi tafiyar nan ba da ita ba.

"Maza biyu za su je ɗauko mai jego? Wa zai riƙe mata yaro in ta gaji?"

Arba'in ta cika ranar Alhamis, muka bari sai Lahadi da ba aiki. Na jira su a ƙofar gida har suka taso daga coci, Baba cikin kwat duk da zafin nan, Mama da ɗaurin kallabi mai tsawo. Na sa rigata ta salla na shiga gaba. Ban taɓa zama cikin ƙaramar mota tana tafiya ba sai ran nan, duk da na wanke fiye da yadda zan iya tunawa.

Hanya ta bi gefen babbar hanyar ruwa. Ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari, amma inda ruwan dam ya kai sai ka ga kore shar, balbelu suna tsaye a ciki. Sama ta yi nauyi ta gabas, iska ba ta motsi. Gajimare suna zamewa a kan bonet suna hawa gilashi. Kafin mu shiga Bakura Baba ya tsaya a bakin wata ƙaramar hanyar ruwa, ya ce ƙura ta hau ta. Na ciro tsumma zan share, ya buge mini hannu.

"A bushe? Bayan wahalar wata guda?"

Ya fito da bokiti daga but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar. Na naɗe hannun riga na ɗebo ruwa na kwarara mata, na tsane da fata. Wasu mata masu wanki a gefe suka bar wankinsu suna kallonmu.

A ƙofar gidan surukaina kafin mu fito mutane sun kewaye mu. Surukina ya fito zaure, na tuɓe takalma na durƙusa nesa da shi. Shi da Baba suka shiga gaisuwa.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Ina zahin rana? Yaya mutanen Mahwara? Yaya aiki? Yaya iyali?"

Baba yana ta "lafiya lau", har suka ƙare masa ya koma "mun gode Allah". Aka kawo fura da ruwan randa. Mama ta shige cikin gida kamar ta saba, ba a jima ba muka ji dariyar mata. Surukina ya dubi motar ta ƙofar zaure ya ce, "Wagga mota sabuwa ta?"

"Tsohuwa ne," in ji Baba. "Surukinka ne ya mayar da shi haka."

Tsohon bai dube ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Ya dai ce, "Madalla. Allah shi yi albarka."

Aka fara fito da kaya: ƙullin yaji, ƙwaryar man shanu, gero, daddawa, sababbin kwanoni, da kaji biyu da aka ɗaure wa ƙafa. Ina ta jerawa a but don in sami abin yi. Sai na ji mata sun taso da rakiya. Na san dole in kau da kai, ga surukai, ga mutanen unguwa. Na juya musu baya na fuskanci motar, na sunkuya kamar mai duba wani abu a ƙofar baya.

A cikin ƙofar na gan su. Ga katangar gidan ta lanƙwashe kaɗan, ga mata sun fito, ga maiɗakina cikin lulluɓi ta yi haske ta yi ƙiba. A gabanta gwaggonta ce, ƙanwar mahaifinta, wadda za ta raka ta, tana rungume da jaririya cikin zane. Tsohuwar nan ba abin da ke wuce ta. Ta matso har bayana, ta tsaya, ta janye zanen daga kan yarinyar, ta juyo da ita wajen ƙofar.

"Ke, buɗe ido ki ga motarku," ta ce, kamar da jaririyar kaɗai take.

Fuska ce 'yar ƙarama, an sa mata tozali ya ɗan zazzago, gashi kwance luf a goshi. Ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin fuskokin da na ƙera mata ba. Tana cikin koren nan kamar tana ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ta yi hamma, ta dunƙule hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Sai da Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Na Tsibiri, ƙofar nan lafiyarsa lau, buɗe musu su shiga."

Mata uku suka zauna baya, maiɗakina a tsakiya. Ba mu gaisa ba sai da muka fita gari, shi ma a taƙaice, ina kallon gaba tana kallon ƙasa. Mun yi nisa kaɗan iska ta taso, ta kwantar da ciyawa, sama ta yi baƙi. Sai ga ɗigo ɗaya a gilashi, sai na biyu, sai ruwa ya ɓarke, ruwan farko na shekarar. Abin share gilashi ya yi sau uku ya tsaya cak. Baba ya lallaɓa ya sauka gefen hanya, ya kashe mota.

Muka zauna, ruwa yana dukan rufi. Ƙanshin ƙasa ya shigo ta kafar taga ya haɗu da ƙanshin turaren mai jego. A kan bonet ruwan bai kwanta ba. Kowane ɗigo sai ya dunƙule ya zama ɗan dutsen ado, ya yi rawa, ya gangara ya haɗu da ɗan'uwansa su sulale ƙasa. Dubbai, suna ta yi. Duk muka yi shiru muna kallo, har kajin da ke but.

"Ikon Allah," in ji gwaggo. "Ruwa na gudun mota. Mi ankas sa mata?"

"Kaki ne," in ji Mama. "Wata guda ɗanku yana shafa motar nan, bai ci abincin kirki ba. Duba wuyansa."

Na ji idon maiɗakina a ƙeyata.

Jaririyar ta motsa ta fara ƙananan kuka. Mama ta karɓe ta ta jijjiga har ta yi shiru, sannan kawai sai na ga hannuwa sun zuro ta tsakanin kujeru.

"Karɓi. Nan ba Bakura ba ne, ba Mafara ba ne. Ba mai ganinka sai ruwa."

Na waiga wajen gwaggo. Ta juya fuskarta ga taga, ta shiga ba Baba labarin wata shekara da ruwan farko ya zo da ƙanƙara ya kashe mata zabi, kamar ba ta san abin da ake yi ba. Na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, hannuwana da suka saba da inji suka rasa yadda za su yi da ita. Ɗuminta ya ratsa rigata. Na tofa mata addu'a a hankali, ta kama yatsana, wanda man gurza ya shige ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita. Ina riƙe da ita har ruwan ya tsagaita, gwaggo kuma ba ta gama labarin zabinta ba sai da na mayar da ita baya.

Mun shiga Mafara da sauran rana, motar ta yi kaca-kaca da laka har gilashi, kwaɗi sun fara kuka a kududdufai. Mama ta ƙi tafiya sai da ta share ɗakin, ta hura wuta, ta ɗora ruwan zafi.

Washegari da na je aiki na ɗauki bokitaina kamar kullum. Baba ya ce in ajiye, an kawo motar wani injiniya da rana ta cinye wa rufi, in je in duba in gaya masa abin da take bukata. Daga ranar aka samo wani ya karɓi wanki.

Shekara huɗu muka ƙara tare. Da aikin haƙa ya ƙare, Turawa suka tattara, gareji ya koma hannun gwamnati, Baba ya ce shi ma ya isa hutu. Suka ɗaure kayansu a rufin koriyar motar, keken ɗinkin Mama a kujerar baya, muka raka su har bakin gari. Ni kuma na kafa rumfata a gefen tasha, inda na yi sauran ƙarfina.

Wasiƙa ɗaya ta zo daga gare shi, bayan wata uku. Ya ce sun isa lafiya, motar ta mutu musu sau biyu a hanya, sau ɗaya kafin Gusau, sau ɗaya a hawan dutse, har sai da mutanen wani ƙauye suka tura. Ya ce ya fara noman dankalin Turawa, bayansa yana ciwo, Mama tana gai da mai jego, don ita har abada haka take kiranta. Na ba da amsa a satin, na cika takarda biyu gaba da baya. Ban sani ba ko ta same shi.